Matata Ta Yi Misali Da Ni A Aji, Yanzu Bokiti Ake Kirana

Gaisuwa mai hawa bakwai daga fadar Likitan Firiji zuwa ga Gwaggonmu ta filin shawara, da maigidanta, da masu buga wannan jarida, da masu sayenta, da masu karanta ta aro a tsaye a gaban mai sayarwa, da masu naɗe ƙusa da ita, har da waɗanda hoto kawai suke kallo. Kowa na gaishe shi, ban ware kowa ba. A'a, tsaya, na ware mutum ɗaya, wani tsohon Kofur. Shi kam ko atishawa ya yi ba zan amsa masa ba.

Gwaggo ki taimake ni, don girman Allah ki taimake ni. An ci mutuncina a gaban jama'a, kuma wadda ta ci ɗin tukunya ɗaya muke ci da ita. Zuciyata tafasa take kamar kwamfireson firijin da fankarsa ta mutu. In kin ga wani harafi ya tsaya inda ba wurinsa ba, ki tura shi gaba da kanki, ni hannuna da sifana ya saba, ba da biro ba.

Bari ki san wa ke magana. Ni ne mai gyaran firiji da firiza da duk wani abu mai sanyi. Firijin da ya mutu, masu shi suka gama kuka suka mayar da shi kabad ɗin takalma, in aka kawo min, kafin ki gama gaisawa da maƙwabta ya fara ƙanƙara. Ba yabon kai ba ne, jama'a ke faɗa, ni maimaitawa kawai nake. Kuma ni mutum ne mai raha. In na shiga wuri ana makoki sai an roƙe ni in fita don kar a yi abin kunya. To yau ga mai sa dariya an mai da shi abin dariya.

Asalin maganar, Maman yara ce ta haɗu da wata shugabar makarantar rainon yara, shugabar ta ce za ta ɗauke ta aiki, amma sai ta kawo takardar shaida cewa ta iya Turanci, saboda iyayen yaran wurin irin masu magana ta hanci ne. Akwai ajin manya da ake yi Asabar da Lahadi da yamma a wata firamare can ƙarshen gari. Nisa ne da shi, sai an hau mota an sauka an sake hawa, sannan a taka da ƙafa. Na ce ina amfanin miji mai babur? Hau mu je. Ranar farko na kai ta, na ga zaman jira a bakin ƙofa kamar mai gadi ba girmana ba ne, sai nima na shiga na ba da sunana. Ba wai don ban iya ba fa. Ni Turancina na jikin firiji ne, duk abin da aka rubuta a bayan inji ina gane shi da ido. Na shiga ne in ɗan rage wa malamin aiki.

Ajin nan bencin yara ne, in na zauna gwiwata har haɓata. Malamin muna ce masa Malam Misali, saboda yana da wata doka tasa. Ba ya karɓar misalin littafi. In ka ce yaro ya je kasuwa sai ya tsare ka, wane yaro, ɗan wa, wace kasuwa. Dole misali ya fito daga gidanka ko wurin aikinka, kuma dole ya zama gaskiya. Wai kalmar da ka ɗaure ta a jikin abin da ya same ka ba ta kwancewa. Ni dokar nan ta yi min daɗi, don an zo gidana. Duk kalmar da ya rubuta a allo, hannuna ne farko a sama. Har masu tafiya da wuri sun daina tafiya sai sun ji nawa misalin.

To sai muka shigo wasu kalmomi 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, masu kama da juna kamar tagwaye a duhu. Lok, da cans, da ofotuniti, da focun, sannan ga fosibul ga furobabul. Gwaggo tsakaninki da Allah, mutanen nan me ya hana su zaɓi ɗaya su huta? Mu da muka ce sa'a, shi kenan kowa ya gane. Amma duk da haka ni ban ji tsoro ba. Da aka zo fosibul da furobabul na miƙe na ce fosibul ne matata ta gama shiri a kan lokaci, amma furobabul ne sai na kashe babur na kunna sau uku tana neman ɗan kunne. Aji ya kwashe. Na ƙara musu cewa furobabul ne shinkafa ta ƙone in ƙanwarta ta kira waya. Malam ya ce daidai. Da aka zo focun na ce na aure ta ne ina zaton babanta na da focun, na shiga gidan na tarar da tsohon keke ɗaya ba sarƙa. Kofur ɗin nan da na gaya miki, wani dogo mai gashin baki da ke zama a bayanmu, har hawaye ya yi. Misalin cans kuwa shi ya fi, na ce da cans na same ta, na je gyaran firijin gwaggonta, ba su da kuɗin gyara sai suka haɗa ni da ita. Wannan ba gaskiya ba ne gaba ɗaya, amma akwai firiji a labarin, Malam ya bar shi ya wuce. Akwai ma na minsharinta, amma wannan sai mun haɗu.

Ita kuma duk lokacin da ake dariyar nan kanta na ƙasa tana rubutu. Ni na san dariya take a ciki, kin san mata da kunya. Sau ɗaya dai a hanyar gida, muna kan babur, ta ce min Baban yara ka riƙa cire ni a misalanka. Na ce haba ke kuwa, ilimi ne fa, ke ce ma kika yi suna, wa ya san ki a ajin nan da ba don ni ba. Na san ta gane.

Sai ranar da abin ya faru. Malam ya rubuta lok a gefe ɗaya, ofotuniti a ɗaya gefen, ya ja layi a tsakiya, ya ce a raba masa su. Ba wanda ya ɗaga hannu. Malam ya yi bayani, ya sake yi, har alli ya ƙare masa a hannu, ba wanda ya gane. Ni na gane, tunanin misali mai nauyi nake. Kawai sai na ji benci ya motsa a gefena. Matar da tun da muka fara sai an kira sunanta sau biyu take ɗaga kai, ita ce ta miƙe ba wanda ya kira ta.

Sai na ɗan koma baya don ki gane. Shekarun baya yayanta ya samo min hanya a wani kamfani mai manyan ɗakunan sanyi, inda ake ajiye kifi da magani. Aiki ne na albashi, da rigar aiki mai tambari. Aka ce in je wata Litinin da safe in nuna musu hannuna. To ranar ce kuma wani babban kanti zai fitar da wanda ya ci mota, irin in ka yi sayayya a ba ka tikiti. Gwaggo na tara tikiti, nawa da na maƙwabta da na masu kawo min gyara, aljihu biyu. Ga shi na yi mafarki ina tuƙi. Dole kuma mai tikiti ya kasance a wurin in an kira lamba. Ke da kanki wanne za ki zaɓa? Ai sa'a ta fi sammako, ba ni na faɗa ba, magabata ne. Kamfani na nan ba inda zai je, mota kuwa sau ɗaya ce. Na je. Kuma an kira lambata, kin ji, an kira! Sai dai ba a layin mota ba. Bokiti aka ba ni, kore, na roba. Bokiti mai kyau kuwa, har yau ba ya yoyo, ita ma da shi take wanki. Washegari na je kamfanin suka ce sun ɗauki wani, wani wanda na san ko bututu bai iya liƙewa ba. Na ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yayanta ya yi fushi na ɗan lokaci, ita kuma ba ta taɓa ɗaga min maganar ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka ta manta, kamar yadda ya kamata.

Ashe ajiye ta ta yi a firiza. Ta miƙe a gaban aji, da Turanci tas, ba gargada ba in'ina, ta ce ofotuniti shi ne ɗakin sanyin da ya buɗe ƙofa yana jiran mijina ranar Litinin, lok kuma shi ne abin da mijina ya tafi nema ranar, ya dawo mana da koren bokiti. Ta zauna. Shi kenan abin da ta ce.

Gwaggo, ajin nan kamar an saki kasuwa. Kofur ya faɗo daga benci, da gaske ya faɗo, sai da aka ɗaga shi. Wata tela da ke gaba ta toshe baki da mayafi tana buga tebur. Shi kuma Malam, maimakon ya tsawatar, tafi ya yi! Ya ce tun da yake koyarwa bai taɓa jin an raba kalmomin nan biyu haka ba. Ya aika aka aro alli a ajin gefe, ya rubuta maganar a allo da manyan baƙi, ya ce kowa ya kwafa, wai furobabul ne ta fito a jarrabawa. Ni ina zaune gwiwa a haɓa ana kwafe ni. Har wata ta juyo tana tambayata yadda ake rubuta bokiti da Turanci. Ni!

Da a aji abin ya tsaya da sauƙi. Kofur ɗin nan ashe ɗan'uwansa na da shagon taya a layin da nake aiki. Kafin sati ya zagayo, mai shayi na ce min Alhaji Bokiti, mai walda na ce min Bokiti ina kwana. Wani ya aiko min da fasasshen bokiti wai a sa masa gas. Shi Kofur in ya zo wucewa sai ya tsaya ya ƙame ya sara min, ya tambaye ni yau wace mota za a ci. Shekara da shekaru ina gina sunan Likitan Firiji, mace ta rushe shi da numfashi ɗaya. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ni duk misalaina wasa ne, nata kuwa gaskiya ce. Ai ba a wasa da gaskiya!

To ni ban yi faɗa ba, ni ba mutumin hayaniya ba ne a gida. Dabara na yi. Na ce mata babur ya lalace, kabireta ce, kuma ba a samun irinta. Kullum da safe sai in tura shi da hannu ina nishi, wai zan kai wa makanike, in na sha kwana na wuce shagon mai wanki sai in buga shi in yi gaba. Da yamma in dawo in kashe shi a kwanar, in turo. Ƙafafuna sun faɗa min, amma mutunci ya fi ƙafa. Yanzu sati biyu kenan ba mu je aji ba. Ita ba za ta iya bin motoci ba, kafin ta je an tashi, kafin ta dawo yara sun yi barci da yunwa.

Na zaci za ta zo ta durƙusa ta ba ni haƙuri, in ja aji kaɗan, in ce babur ya warke. Ina! Ko tambayata ba ta yi ba. Ta yanka takardu ta liƙa kalmomi a bangon kicin, saman murhu, gefen taga, har a jikin firijinmu, tana girki tana karantawa, babbar 'yarmu na yi mata tambayoyi. Abinci ba ya makara, ruwan wanka na nan, sannu da zuwa na nan, amma busasshiya, kamar burodin jiya. Na kawo mata labarin wani Alhaji da ya kira ni firijinsa ba ya sanyi, na je na tarar bai jona shi da wuta ba. Labarin nan ko bango aka ba shi sai ya yi murmushi. Ta ce Allah Ya kyauta, ta ci gaba da yanka albasa. Matar da in na yi tari ma dariya take. Gidana ya yi sanyi, kuma ba irin sanyin da na iya gyarawa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Asabar mai zuwa ce jarrabawa, da safe za a yi. Wanda bai zauna ba sai baɗi, kuma shugabar makarantar rainon ta aiko cewa ba za ta riƙe mata wurin ya wuce wannan wata ba, akwai masu so. Ni dai na ce a raina, ai ita ce gwanar ofotuniti, to ga shi nan, ta tashi sama ta je.

Don haka Gwaggo ki yanke mana hukunci. Ba daidai ba ne ta tsaya a gaban ajin nan, inda ta tsaya ranar, ta ce ƙarya ta yi? Ko aƙalla ta ce bokitin babba ne? In ta yi haka babur zai tashi. Shi kuma Malam ina ake kai ƙararsa? Sannan ki raba min kalmomin nan da Hausa a ɓoye, ba don ban sani ba, don in gwada ki.

Na ƙarshe, ki aiko min da ƙamus, babba, mai kauri, irin wanda in an jefi mutum da shi zai zauna. Ku kuma masu karatu, duk wanda Allah Ya hore wa Turanci, ya aiko min da jimla ɗaya mai nauyi wadda in na faɗa wa Kofur gashin bakinsa zai zube. Ku aiko ta hannun Gwaggo. Wanda ba shi da jimla ya aiko da katin waya, ba na raina alheri.

Naku har kullum,
Likitan Firiji, ba Bokiti ba

*

Ɗana Likita,

Na amsa gaisuwa a madadin duk waɗanda ka lissafa. Na daidaita maka haruffa kamar yadda ka roƙa, Turancin kuma na bar shi yadda kunnenka ya ji shi. Akwai wasiƙu da yawa a gaban taka, amma na tsallake su saboda Asabar ba ta jira.

Zan fara da inda kake da gaskiya. An taɓa ka a inda yake da ciwo. Maganar ɗakin sanyi ba ƙaramar magana ba ce, kuma ina jin kai ma ba ka manta da ita ba, duk da rabon kwaɗon da ka rufe ta da shi. Irin wannan a ɗaki ake yin ta, tsakanin miji da mata, ba a gaban baƙi ba. Matarka ta yi kuskure da ta fitar da ita a aji, kuma sunan da ya bi ka har wurin sana'arka ba abin wasa ba ne ga mai neman abinci da sunansa. Malaminku ma yana da nasa kason. Dokarsa tana da kyau wajen koyo, amma wanda ya ce a kawo misali daga gida, wajibinsa ne ya lura lokacin da misali ya fara zama tonon asiri. Ya kamata ya taka birki tun a kan keken surukinka, ba ya jira har a kai ga allo ba.

To amma sake karanta wasiƙarka a hankali. Wa ya fara kawo gidanku aji? Shirinta, girkinta, talaucin mahaifinta, yadda aka aure ta, har barcinta, duk ka shimfiɗa su a gaban Kofur ɗin nan da kake ƙi yau, kuma lokacin dariyarsa daɗi take maka. Matar da ta sunkuyar da kai ana yi mata dariya ba dariya take a ciki ba. Ta ma gaya maka da bakinta, a hanya, ku biyu, cikin ladabi, cewa ka cire ta. Ka mayar mata da raha. Makonni ta sha, kai sau ɗaya ka ɗanɗana. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Ka ce naka wasa ne, nata gaskiya. Dokar ajin ai gaskiya ta ce a kawo; ita ta bi doka, kai ne ka riƙa ƙara gishiri. Kuma wasan da mutum ɗaya ke biyan kuɗinsa kullum ya daina zama wasa.

Ka ce in raba maka kalmomin don ka gwada ni, to ga amsata. Luck ita ce sa'a, abin da ya faɗo maka ba da hannunka ba, mai daɗi ko marar daɗi. Opportunity dama ce, ƙofa ce da ta buɗe, amma sai ka taka da ƙafarka ka shiga, kuma ba ta daɗewa a buɗe. Chance tana tsakani: wani lokaci tana nufin abin da ya faru katsaham, wani lokaci 'yar dama, wani lokaci kuma ma'aunin yadda abu zai iya faruwa. Fortune babbar sa'a ce, ko dukiya mai yawa. Possible na nufin abu zai iya faruwa ko da da ƙyar ne, probable kuwa ya fi kusa da faruwa fiye da rashin faruwa. Cin mota a wancan kanti possible ne, shi ya sa ka je. Dawowa da ƙaramin abu ko hannu biyu shi ne probable. Ka ga matarka ba ta yi kuskuren Turanci ba, na wuri ta yi.

Maganar babur kuwa, kada ka yaudari kanka. Matar da ke wanke rigarka ta san ƙamshin fetur, ta kuma san babur ɗin da ya yini a mace ba ya dawowa da zafi a jikinsa. Ta sani. Shirun da ta yi shi ne amsarta. Kuma dubi wanda kake hukuntawa: Kofur ne ya kai sunan layinku, Malam ne ya rubuta a allo, amma wadda za ta rasa aiki ita ce uwar 'ya'yanka. An bar jaki ana dukan taiki. Albashin da za ta samu ba gidan Kofur zai shiga ba, tukunyarku zai shiga. Babbar 'yarka kuma da ke yi mata tambayoyi a kicin tana kallo, tana koyon abin da miji ke yi in matarsa ta fi shi a wani abu.

Ga shawarata. Yau, ba gobe ba, ka shigo da babur ɗin gida a kunne. Ka gaya mata lafiyarsa lau, fushi ne ya kama mai shi. Kada ka sa raha a wannan maganar, ka faɗe ta a miƙe ko da sau ɗaya ne a rayuwarka. Kada ka nemi ta ƙaryata kanta a gaban aji. Ba za ta yi ba, in ma ta yi ba wanda zai yarda, sai dai a sami sabon abin dariya. Ranar Asabar ku yi sammako, ka kai ta da wuri ta zauna ta nutsu. Kai ma ka shiga ka rubuta taka, domin misalan da ka bayar, duk da rashin kyautawarsu, sun nuna ka gane darasin fiye da yadda kake tsoro. Bayan an gama, ku zauna ku biyu. Ka ba ta haƙuri a kan abin da ka fara, ka gaya mata inda nata ya yi maka ciwo. Ina kyautata zaton ba za ka roƙi nata haƙurin ba, da kansa zai zo. Malam kuma ba ƙara za ka kai shi ba, ka same shi a gefe ka ce dokar tasa tana bukatar shinge.

Sunan da aka liƙa maka, fushinka ne abincinsa. Kai da ka iya sa mutane dariya, ka riga su. In mai shayi ya kira ka da shi, ka amsa da fara'a, ka ba su labarin da bakinka, ka fi su iya ba da shi. Suna in mai shi ya daina jin zafinsa ba ya daɗewa. Jimlar da za ta zubar da gashin bakin Kofur ba zan karɓa daga kowa ba, katin waya ma haka. Ƙamus kuma akwai shi liƙe a bangon kicinku, ka roƙi mai shi ta karanta maka.

Ke kuma 'yata, in wannan shafi ya zo hannunki: kin iya, kuma kin yi haƙuri mai yawa. Amma abin da ya dame ki, ki riƙa faɗinsa a gida da ƙarfi tun yana ɗanye, kada ki adana shi shekaru har ya fito a inda bai dace ba.

Ɗana, abu ɗaya nake so ka kwana da shi. Idan ta rasa jarrabawar nan saboda kai, ba za ta yi maka faɗa ba. Za ta yi shiru, ta ci gaba da kawo maka abinci a kan lokaci, shekara da shekaru. Wannan shirun nake ji maka tsoro, ba dariyar layinku ba.

Allah Ya ba ta sa'a ranar Asabar, Ya ba ka zuciyar kai ta, Ya mayar muku da dariya gidanku.

Gwaggonku